Ɗalibaina suna da ladabi, amma Ingilishinsu kamar na masu ba da oda

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa malamai. Ina koyar da Ingilishi a wata kwaleji a Damagaram. Yarana masu tarbiyya ne, har rusunawa suke yi in sun zo gaishe ni. Amma jiya wata yarinya ta miƙo hannu biyu, kai a sunkuye, ta ce "Teacher, give me the chalk." Na san ba raini ba ne, sai dai baƙon da ya ji zai ce ba ta da kunya. Na koya musu "please", yanzu kowace jimla sai sun liƙa mata shi. Yaya zan yi?

Malami daga Maraɗi: Wa alaikumus salam Malam. Yarinyar nan ba ta da laifi. A Hausa tana da "ku" na girmamawa, a Faransanci tana da "vous". Ta shigo Ingilishi ta tarar "you" ɗaya ne, da sarki da talaka. Su Turawa nasu ladabin a cikin tambaya yake ɓuya: "Could I have the chalk?" Wannan za ka nuna musu.

Malama daga Yamai: Ƙari a kan haka. Masana harshe Brown da Levinson, a littafinsu na 1987, sun ce abu uku ke auna ladabi: girman wanda kake roƙo, nisan da ke tsakaninku, da nauyin abin da kake nema. Ni nakan sa yaro ya ari biro wajen abokinsa, sannan wajena, sannan ya roƙi shugaban makaranta izinin kwana uku. Da kansu suke ganin jimlar tana ƙara tsawo. Dama sun san aron allura daban, aron jaki daban.

Tsohon malami daga Katsina: Ɗana, kafin ka gyara nasu, saurari naka bakin. Daga safe zuwa tashi me suke ji? "Sit down! Keep quiet! Open your books!" Abin da ka zuba musu shi suke dawo maka da shi. Sunkuyar da kai kuwa ka bar mata abinta, ka dai gaya musu Bature yakan so a dube shi in ana magana.

Mai tambaya: Baba, wallahi ka kama ni. Ko yau sai da na daka musu "Clean the board!" Gobe zan gwada "Could you", in ga ko za su ɗauka ba ni da lafiya.