An haɗa layukanmu da NIN: wa ke da ikon sauraron wayarmu, kuma me ya hana a kama masu kiran kuɗin fansa?

Ɗan Ƙofar Marusa

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masana doka da masana sadarwa. Tun ƙarshen 2020 aka ce kowa ya haɗa layinsa da NIN saboda tsaro, wanda bai yi ba aka toshe masa. A Satumbar 2021 kuma aka katse sabis a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan ta Katsina, su Jibiya da Batsari da Safana da Ƙanƙara har Funtuwa. To yanzu jami'an tsaro suna iya sauraron wayar kowa yadda suka ga dama ke nan? In kuwa suna iyawa, me ya sa ɗan bindiga ke kiran iyalan wanda ya sace, a yi ta ciniki kwana da kwanaki, ba a kama shi ba?

Barista Unguwar Alƙali

Wa alaikumus salam Malam. A doka dai ba yadda suka ga dama ba ne. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin gidanka da wasiƙunka da maganarka ta waya. Amma sashe na 45 ya ba da damar a taƙaita wannan haƙƙi don tsaron ƙasa da lafiyar jama'a, muddin doka ce ta tanadi hakan.

Ƙa'idojin da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta fitar a 2019 su ne suka fayyace yadda ake yi. Hukumar tsaro za ta je gaban alƙali ta nemi waranti, shi kuma yana aiki na wata uku, sai an sabunta. Inda rai ke cikin haɗari ko tsaron ƙasa, suna iya fara sauraro ba waranti, amma wajibi ne su nema cikin awa 48. Wannan ƙofar gaggawa ba na ƙin ta, domin wanda aka tafi da shi daji ba zai jira ranar zaman kotu ba. Abin da ke damuna shi ne ana neman warantin ba tare da mai layin ya sani ba, kuma ko bayan an gama ba a sanar da shi. Wanda bai san an saurare shi ba, ta ina zai kai ƙara in an zalunce shi? Nan ne gizo ke saƙa. Ita ma dokar kare bayanai ta 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta ɗauke wa aikin tsaron ƙasa da yawa daga cikin sharuɗɗanta.

Injiniyan Daura

Barista ya gama da doka, bari in taɓa ɓangaren na'ura. Mutane suna tsoron a ji muryarsu, alhali abin da aka fi amfani da shi ba murya ba ce. Duk kiran da ka yi, kamfani na rubuta lambar da ka kira, lokaci, tsawon maganar, lambar IMEI, wato lambar shaidar ita kanta wayar da ke hannunka, da turken sabis da ya ɗauke ka. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta a ajiye irin wannan bayani shekara biyu. Da shi kaɗai za a san inda kake kwana, kasuwar da kake ci, da wanda kake kira da tsakar dare.

Batun ɗan bindiga kuwa, dalili uku ne. A cikin birnin Katsina turaku sun yi kusa da juna, ana iya ƙiyasta wurin mutum cikin 'yan ɗaruruwan mita. A bakin dajin Rugu turke ɗaya na iya ɗaukar kilomitoci da yawa, sai a san yankin, ba a san gindin bishiyar ba. Na biyu, sau da yawa da wayar wanda aka sace ake kiran, ko da layin da aka yi wa rajista da sunan wani bawan Allah da bai ji ba bai gani ba. NIN zai nuna mai rajista, ba mai riƙe da waya ba. Na uku, ko an gano wurin, shiga daji a fito da mutane da rai aiki ne na sojoji da motoci da shiri, kwamfuta ba ta yin sa.

Katse sabis kuma ya fi cutar talaka. Ɗan bindigar da ke kusa da iyaka yana kama sabis ɗin Nijar ya ci gaba da harkarsa, ƙauyen da aka shigar wa da dare kuwa ba su da hanyar kiran agaji, mai POS ya rufe rumfa.

Hajiyar Sabon Layi

Injiniya, Allah ya ƙara basira. Ni dai ba na so matasa su ɗauka duk bin diddigin waya zalunci ne. Masu kai wa 'yan bindiga rahoto da fetur da burodi a cikin gari suke, kuma bayanan kira na daga cikin abin da ke tona su. A yi, amma da sa hannun alƙali da wa'adi.

Abin da ke hannun kowa kuwa ga shi. In za a yi maka rajistar layi, kada ka yarda wakili ya ce na'ura ba ta ɗauka ba, ka sake dangwala yatsa sau biyu sau uku ba ka ga allon ba. Ta haka ake buɗe layi na biyu da sunanka a sayar. Ka je ofishin kamfanin da katinka ka ce a nuna maka duk layukan da ke kan NIN ɗinka, wanda ba ka sani ba a cire, ka karɓi shaida a rubuce. In sun yi maka jeka-ka-dawo, 622 lambar ƙorafi ce ta NCC, kyauta. Kada ka ara wa kowa NIN ɗinka ya buɗe layi, ko ƙaninka ne. Waya ta ɓata, a toshe layin ranar, a kai rahoto wurin 'yan sanda. Takardar NIN kuma a daina barin kwafinta a shagon hoto.

Ɗan Ƙofar Marusa

Na gode ƙwarai. To WhatsApp fa, Injiniya? Ana cewa shi ba a iya karantawa.

Injiniyan Daura

Saƙon da kiran a kulle suke tun daga wayarka har wayar wancan, kamfanin layi ba ya ganin abin da ke ciki, saɓanin tes da kiran layi. Amma ana sanin lambarka da lokacin da ka hau. Kuma kullen ba ya amfani in wayar ta shiga hannun wani a buɗe, ko wani a cikin guruf ya ɗauki hoton maganarka ya tura. Ajiyar hirarka da ke tafiya Google Drive ma ba ta samun wannan kulle sai ka kunna da kanka a saitin ajiya. Ka kuma sa lambar sirri mai lamba shida ta tabbatarwa mataki biyu, kada ka karanta wa kowa lambar da aka turo maka ta tes, ko ya ce daga kamfani yake.