Kogin Sebu na Maroko: da gaske majema ce ta ɓata shi?

Ɗan Majema:
Salamu alaikum. Ni jima na gada, a Kano nake. Ƙanena da ke karatu a birnin Fas na Maroko ya turo mini bidiyon majemar gargajiya ta Shuwara, ramukan rini jere gwanin ban sha'awa, sai dai ya ce baƙi sai an ba su ganyen na'ana'a sun kara a hanci saboda wari. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ruwan nan in an gama da shi ina yake zuwa? Mu dai mun ga yadda kamfanonin fata suka yi wa Kogin Challawa.

Badamagare:
Wa alaikumus salam, Malam. A Fas nake zaune. Ruwan yana bin ƙaramin kogin da ya ratsa tsohon gari, ya je ya zuba a Sebu. Amma kada ka ɗora wa 'yan Shuwara laifin duka, su galibi da kashin tattabara da ɓawon itace suke jima, kusan irin taku ta bagaruwa. Masu ɓarnar gaske su ne majemun zamani na unguwar Dukkarat masu aiki da sinadarin kurom, da maƙeran tagulla, sai kuma uwa-uba masu matsar zaitun. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, in suka saki ragowar ruwan matsa, kogin baƙi ƙirin yake komawa, warin kuwa tun daga kan gada. An buɗe matatar ruwan kwata a 2014, ta rage abin, amma lokacin zaitun yakan fi ƙarfinta.

Malama Tarihi:
Abin takaicin, ba ƙaramin kogi ba ne. Daga duwatsun Atlas ta Tsakiya ya taso, ya yi tafiyar kusan kilomita 500 kafin ya shiga Tekun Atlantika a Mahdiyya, kusa da Kenitra. Rumawa sun zauna a bakinsa, kufan garuruwansu na Banasa da Tamusida suna nan. A Nuwamban 1942 ma wani jirgin ruwan yaƙin Amurka ya kutsa ta cikinsa don kama filin jirgin saman Kenitra, wadda a lokacin ake kira Port Lyautey.

Badamagare:
Haka ne, Malama. Kuma ruwan nan da shi ake noman rani a filayen Garb: shinkafa, rake, lemo. Dam ɗin Al-Wahda, mafi girma a ƙasar, a kan reshensa Warga yake, kuma ruwan Warga na taimakawa wajen tsarma dattin Fas kafin ya kai gonakin.

Ɗan Majema:
Na gode ƙwarai. Ashe ciwonmu ɗaya, kurom ne a can, kurom ne a nan. Badamagare, don Allah in ka samu hali ka tambayo mini masu jimar gargajiya: ɓawon wane itace suke jiƙawa, kuma kwana nawa fata take yi a ramin?