Wahayi daki-daki ko wahayi hawa-hawa?

Jama'a, ina neman Hausar abin da malaman tauhidin Kirista ke kira progressive revelation, wato Allah bai bayyana kansa a lokaci guda ba, sai a hankali cikin zamanai. Sukan kafa hujja da littafin Fitowa 6:3 a cikin Littafi Mai Tsarki, inda Allah ya gaya wa Musa cewa ya bayyana ga Ibrahim da Ishaku da Yakubu a matsayin El Shaddai (Allah Mai Iko Dukka), amma bai sanar da su sunansa Yahweh ba.

"Wahayi mai ci gaba" dai bai kwanta mini ba. Ci gaba a kunnen Bahaushe titi ne da lantarki, sai a ji kamar wahayin farko ƙauyanci ne, daga baya aka waye.

"Daki-daki" ya fi daɗin faɗi, to amma yana da mai shi. Da irinsa malaman Musulunci ke bayanin saukar Alƙur'ani cikin shekara 23, littafi ɗaya ga annabi ɗaya. Wahayin da nake nema wa suna kuwa ya ratsa ƙarnoni da annabawa da dama. Ni na tsaya a kan "wahayi hawa-hawa", kamar bene: hawan sama a kan na ƙasa yake zaune, bai rushe shi ba.

Sai dai kada a ɗora wa kalmar kayan da ba nata ba. Wasu da an tambaye su ko fitar Isra'ilawa daga Masar ta auku yadda aka rubuta, sai su fake da ita. Fitowa 12:37 ta ce maza wajen 600,000 suka fita, ban da iyalansu, amma masu haƙo kayan tarihi ba su ga sawun taro irin wannan a Sinai ba. A ɗaya ɓangaren akwai allon dutsen Fir'auna Merneptah na wajen 1208 kafin haihuwar Almasihu, wanda Baturen mai haƙo kayan tarihi Flinders Petrie ya tono a 1896, allon kuma ya ambaci Isra'ila a matsayin al'umma a yankin Kan'ana. Birnin Ramses na Fitowa 1:11 ma an gano kufansa a Ƙantir ta Masar. Wasu masana kuma na cewa elef, kalmar Ibrananci da aka fassara "dubu", tana iya nufin dangi, sai adadin ya ragu ƙwarai. Wannan muhawarar sunanta "ingancin tarihi", kuma hawa-hawa ba ta amsa ta.

Masu wa'azi da Hausa a Jos da Kafanchan, ku yaya kuke faɗinta a majami'a?