Jitar kawu: a taɓa ta ko a bar ta yadda take?

Auta (Aboabo): Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema. Kawuna da ya rasu bara, Allah ya jiƙansa, ya yi kiɗa a nan Kumasi lokacin samartakarsa. Da muka buɗe ɗakinsa sai ga jitarsa a ƙarƙashin gado, cikin akwatinta. Jitar lantarki ce, Fender Stratocaster mai babban kai, kusoshi uku ne suka riƙe wuyanta, lambarta tana kan ɗan farantin ƙarfe na baya. Fikof na tsakiya (abin da ke ɗaukar sautin tsirkiya) ba ya magana, firet ɗin ƙasa (ƙarafan da ke jere a kan wuya) sun cinye, fenti ya goge inda hannunsa ke zama. Wani mai sayen tsofaffin kaya ya taso daga Accra ya gan ta, ya yi tayi mai kauri, amma da sharaɗin kada a kwance ko kusa ɗaya. Ni kuma raina yana son in gyara ta in riƙa kaɗawa.

Ɗan Asawase: Wa'alaikumus salam. Ƙanena, sayar kawai. Zan faɗi abin da na daɗe ina faɗa ko da za a ji haushina: tsohuwar jitar lantarki ba ta fi sabuwa murya ba, suna ake saye. Wannan ba goge ba ce, ba gurmi ba ce, da za a ce ƙwarya da fata su ke ba da sauti. Tsirkiya ce ta ƙarfe take rawa a kan maganaɗisu, waya ta ɗauka ta kai wa amfilifaya. Ina ruwan maganaɗisu da shekarun itace? Da kaɗan daga kuɗin da zai ba ka za ka sayi sabuwa mai lafiya, ragowar ka yi jari.

Baba Mai Jita (Sabon Zango): Yaro, ka taɓa riƙe irinta kuwa? Da tsohuwar zuma ake magani. Na kaɗa jita tun kafin a haifi iyayen wasunku, kuma wuyan da hannu ya shekara hamsin yana bi ba ɗaya yake da wanda ya fito daga kwali jiya ba. Yatsa yana zamewa a kansa kamar ya san hanya.

Ɗan Asawase: Baba, da girmanka, abin da ka faɗa daɗin hannu ne, ni kuma maganar kunne nake yi.

Baba Mai Jita (Sabon Zango): A wurin makaɗi ba a raba su. Abin da hannu ya ji daɗinsa shi kunne ke ji.

Mai Gyara (Alabar): Bari in sa baki, tunda irin wannan aikin nake ci. Auta, yadda ka kwatanta ta, an ƙera ta tsakanin 1971 da 1976. A 1971 Fender suka koma kusoshi uku maimakon huɗu, a 1976 kuma suka mayar da lamba kan kai. Ka san wannan tun yanzu don kada wani ya ruɗe ka: ba ta cikin waɗanda ake kashe dukiya a kansu. Stratocaster ta fara fitowa a 1954, kuma waɗanda masu tarawa ke rububi su ne na kafin 1965, shekarar da Leo Fender ya sayar wa CBS, kamfanin rediyo da talabijin na Amurka, da kamfaninsa. Na shekarun 1970 an daɗe ana kushe su, ana cewa fentinsu ya yi kauri, wasu sun yi nauyi, wasu wuyansu yana motsi a mazauninsa. Daga baya ne da shekaru suka ja su ma suka yi daraja.

Maganar Ɗan Asawase kuwa, rabinta gaskiya ce. Mafi yawan muryar tana cikin fikof, da tsirkiya, da amfilifaya, da yatsun mai kaɗawa. Amma fikof ɗin ma ai ba ɗaya ba ne. Siririyar wayar jan ƙarfe ce kamar gashi, an naɗa ta zagaye wajen 8,000 a kan maganaɗisu shida. Na farkon zamani da hannu ake bi da wayar lokacin naɗi, shi ya sa da wuya ka sami biyu da suka yi daidai. Ka ƙara zagaye murya ta yi kauri, ka rage ta yi kaifi. Saboda haka idan Baba ya ce wata tsohuwa tana da muryar da bai ji a wata ba, ba mafarki yake yi ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce tsufa kaɗai ne ya ba ta. Na gyara tsofaffi da yawa da ba su da daɗi ko kaɗan.

Ɗan Asawase: To ka gani. Kuma a yau akwai masu naɗa fikof da hannu irin na da. Abin da mutum ya yi a 1960 mutum zai iya yi yau.

Yaya na Nima: Ni daga nan Accra nake bin maganar. Sharaɗin mai sayen nan ba na banza ba ne. A kasuwar tsofaffin jita, ɗigon dalma ɗaya da aka narkar aka sake yana rage kuɗi, sabon fenti kuwa yana iya raba farashi biyu. Ba don ya kaɗa zai saya ba, Turai ko Amurka zai tura ta. Amma ku duba wani abu. Baƙar Stratocaster ta shahararren makaɗin Birtaniya David Gilmour da aka yi gwanjonta a 2019 kusan dala miliyan 4, an sha canza mata wuya da fikof. Ta takwaransa Eric Clapton da ake kira Blackie ma daga jikin jita uku aka harhaɗa ta, kuma a 2004 ta tashi dala 959,500. Babu wanda ya ce an taɓa su. Hannun da ya riƙe su aka saya. Sai idan jitar ta wani makaɗin Kumasi ce ake cewa kada a kwance kusa, domin a wurinsu hannun namu ba shi da farashi.

Baba Mai Jita (Sabon Zango): Allah ya yi maka albarka, ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Ku yaran yanzu ba ku san abin da jitar nan ta tsallake kafin ta iso hannunku ba. A shekarun 1970 garin nan ba ya barci. Dr K. Gyasi da Noble Kings suna nan, Alhaji K. Frimpong yana nan, Nana Ampadu da African Brothers suna zagaya ƙasa gari gari. Mu 'yan Zango muna ciki, wasu a fili, wasu a ɓoye saboda iyaye ba sa so. Yawancinmu ba mu taɓa mallakar Fender ba. 'Yan Japan irin su Teisco muke samu, ko Egmond ta Holan, ko Höfner ta Jamus in mutum ya yi sa'a, kuma sau da yawa kayan ma na mai ƙungiya ne, kai dai ka kaɗa ka ajiye. Wanda ya riƙe Fender tasa ta kansa, to ya yi gumi ba kaɗan ba, ko wani ɗan'uwa ya riƙo masa daga waje.

Sai aka yi juyin mulkin 31 ga Disamba 1981, dokar hana fitar dare ta zauna sama da shekara biyu. Makaɗin da ba ya fita da dare me zai ci? Ga haraji mai nauyi a kan kayan kiɗa. Wasu suka tafi Legas, wasu Hambug, kayan kiɗa da yawa suka koma coci-coci, wasu aka sayar da su don a sayi masara a yunwar 1983. Ni tawa a shekarar ta tafi, kuma har yau idan na tuna sai in ji a ƙirjina. Kawunka ya bi ta cikin duk wannan bai sayar ba, Auta. Wannan gogewar fentin da kake gani, gwiwar hannunsa ce.

Ɗan Asawase: Baba, wannan ban musa ba, Allah ya saka muku. Amma ka ga ka dawo kan maganata. Darajarta tarihi ne da ƙauna, ba murya ba. In haka ne a faɗa haka, a daina cewa itace ya tsufa ya yi zaƙi.

Hajiya (Yalwa): Ku dakata duka. Auta ɗana, jitar nan taka ce ko ta magada? Marigayin ya bar 'ya'ya, kuma abu mai kuɗi irin wannan gado ne. Kafin a yi maganar gyara ko sayarwa, a zauna da su. In kana so ka riƙe, a yi mata kuɗi na gaskiya ka biya su, ko su yafe maka da bakinsu.

Auta (Aboabo): Gaskiya ne Hajiya. 'Ya'yansa mata biyu sun ce in riƙe tunda ni kaɗai na koya a wurinsa, amma a lokacin ba su san abin da aka taya ba. Yau zan gaya musu adadin, kada in ci haƙƙinsu cikin rashin sani.

Mai Gyara (Alabar): Madalla. In sun bar maka, ga yadda za a yi ba tare da an yi ɓarna ba. Fenti kada ka taɓa shi, ƙyalle mai laushi ya isa. Fikof ɗin da ya yi shiru a fara auna shi da mita, lafiyayye yana nuna wajen om 6,000 a ma'aunin lantarki. Sau da yawa ba shi ne ya mutu ba, makunnin ne ya yi tsatsa ko waya ta saki. In kuwa wayar cikinsa ce ta tsinke, a cire shi a naɗe a ajiye cikin akwatin, a sa wani a gurbinsa. Duk abin da aka cire, har kusa, a adana. Firet kuwa kamar tayar mota ne, in ya cinye sai a sake, in ba haka ba jita ba ta kaɗuwa. Kuma kada ka bar ta wurin mai gyaran da ba ka sani ba. Na taɓa karɓar wata da aka kai gyara wani wuri, aka zare mata fikof na asali aka sa na banza, mai ita bai gane ba sai bayan shekaru.

Yaya na Nima: Ka kuma raba ta da ƙarƙashin gado. Ku a Kumasi da sauƙi, mu nan iskar teku cinye ƙarfe take yi. Amma laimar damina da bushewar hunturu duk suna juya wuya. In ya bar amfilifaya ɗan Amurka, kada ka soka shi a bango kai tsaye, nasu wuta 120 ce, tamu 230.

Ɗan Asawase: Ni dai ina kan bakana. Mai Gyara, in ka tashe ta, zan kawo sabuwar Squier tawa, wato mai arahar da Fender ke yi, shagonka. A sa labule, amfilifaya ɗaya, tsirkiya iri ɗaya, mutum ɗaya ya kaɗa duka biyun, Baba ya zauna a waje ya faɗa mana wacce ce wacce. An ce gani ya kori ji, wannan karon a bar ji ya yi aikinsa.

Baba Mai Jita (Sabon Zango): Na yarda, amma bayan an gama a miƙo mini su ɗaya bayan ɗaya ido a rufe, in riƙe da hannuna. Sannan Auta, ka zo da wuri. Akwai yadda kawunka yake ɗaura tsirkiya ta uku, ina so in gani ko tana nan yadda ya bar ta kafin a kwance.

Auta (Aboabo): Tana nan Baba, ban taɓa komai ba. In 'yan'uwana sun amince, Asabar bayan la'asar zan kawo ta Alabar in sha Allahu.