Lagireton tsohuwar tarakta na yoyo: wa ya taɓa gyarawa?

Manomi daga Jiratawa

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina da Massey Ferguson 135 da na gada wurin mahaifina, Allah ya jiƙansa, mai injin Perkins na silinda 3, irin waɗanda aka ƙera tsakanin 1964 da 1975. Injin lafiya lau, amma tun da bazara ta shigo lagireton ke yoyo. In na cika ruwa da safe, kafin azahar ya ragu, kuma ina ganin danshi da wani kore-kore a gefen tankin sama. Ga damina ta ƙarato, masu gonaki sun fara zuwa kama layin huɗa. Wasu sun ce in zuba barkono, wasu sun ce in sayi sabo. Wanda ya taɓa shiga wannan hali ya taimaka mini da abin da ya gani.

Direban tarakta, Madarunfa

Wa alaikassalam Malam. Ni na zuba garin barkono, a daji, rana tsaka, babu gari kusa. Ya toshe ramin har na kai gida, wannan gaskiya ne. Wani abokin aikina farin ƙwai yake fasawa a ciki. Amma daga nan taraktar ta riƙa zafi fiye da da, saboda abin da ya toshe rami shi ne ke toshe ƙananan bututun ciki. Dabarar fita daga daji ce kawai. Kai da kake gida, kada ka fara.

Mai gyaran lagireto, cikin garin Maradi

Alhaji, kada ka yar da lagireton nan. Na waɗannan tsofaffin taraktoci na tagulla ne da jan ƙarfe, an haɗa su da dalma, kuma duk abin da aka haɗa da dalma ana iya kwance shi a sake haɗawa. Koren da kake gani tagullar ce ta ci ruwa, yana nuna maka inda yoyon yake. Yadda ka kwatanta, ina zaton haɗin tankin sama ne ya saki, kuma shi ne mafi sauƙin gyara.

Ga yadda nake yi. In aka kawo mini, ba na kunna wuta sai na ga ramin da idona. Ina toshe bakin sama da na ƙasa, in ɗan hura iska da famfon keke, in tsoma shi a kwarmin ruwa. Inda kumfa ya taso, nan ne. Iska kaɗan fa, kada a sa masa kwamfaresa, sai ya kumbura tankin ya buɗe wani wurin. Sau da yawa mai tarakta ya zo da rami ɗaya a bakinsa, ruwa ya nuna mana uku.

Sai wanki. Nan ne yawancin gyara ke lalacewa. Dalma ba ta kama tsatsa, ba ta kama fenti, ba ta kama maiƙo. Sai an goge wurin da burushin ƙarfe har tagullar ta yi ƙyalli, a shafa ruwan asid na liƙi, a ɗumama ƙarfen kansa har dalmar ta narke ta bi haɗin da kanta. Wanda ya ɗiga dalma a kan ƙarfe mai sanyi, ya ɗora ce kawai, girgizar huɗa ɗaya za ta ɓanɓare ta. Wuta kuma ƙarama, don in ta yi yawa sai haɗin da ke kusa ya narke. Kada wani ya kusance shi da waldar lantarki. In an gama a wanke asid ɗin tas, in ba haka ba shi zai ci gaba da cin ƙarfen. A waje ake aikin, hayaƙin dalma da asid ba abin shaƙa ba ne.

In bututu ɗaya ko biyu ne suka fashe a tsakiya, ana matse su a toshe sama da ƙasa, tarakta ba za ta ji ba. Tun da an riga an sauke shi, ka ce a cire tankin a zura siririn ƙarfe cikin kowane bututu. Za ka yi mamakin dattin da zai fito.

Dattijo daga Tibiri

Yaro, ka ji maganar mai gyara, sannan ka duba murfi. Tawa sau biyu ana liƙe ta tana sake buɗewa, ashe yaran sun sa mata murfin mota. Murfin tsohuwar tarakta matsin wajen rabin bar (ma'aunin matsi ke nan) yake riƙewa, na motocin yanzu kuwa kusan bar 1. Tsohon haɗi ba ya ɗaukar wannan matsi. Da aka samo murfin da ya dace, magana ta ƙare.

Sai ruwa. Na rijiya da na gulbi suna barin farin gishiri da laka a ciki. Ni ruwan sama nake tarawa in tace, in haɗa da ruwan sanyaya inji na kanti saboda tsatsa. Kuma kada ka buɗe murfi inji na tafasa, na ga wanda ya ƙone fuska.

Makanike, Tasawa

Baba ya faɗi gaskiya. Ƙari kaɗan: da safe, inji da sanyi, buɗe murfi ka tayar. In ka ga kumfa na tasowa ba tsayawa, ko baƙin mai ya koma fari-fari, to gasket ɗin kan inji, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, shi ne ya ƙone, shi ke tura iska cikin ruwa, ko sabon lagireto ka sa sai ya fasa shi. Kama fanka ka jijjiga, in tana rawa boris ɗin famfon ruwa ya ci, wata rana za ta sari bututu. Duba tiyo da robobin da lagireton ke zaune a kai. Kuma a zafin Maradi da ke wuce digiri 40, ƙaiƙayi da ƙura da ke liƙe a fuskar lagireto kaɗai sun isa su tafasa inji. A hure su daga baya zuwa gaba.

Mai kula da taraktar ƙungiyar mata, Gidan Rumji

Ni dai ba kowane lagireto ke gyaruwa ba. Namu mun yi ta kai shi liƙi, kuɗin mata na tafiya, ana toshe nan can na buɗewa, ga lokacin shuka na wucewa. Ƴan fukafukan da ke tsakanin bututun sun ruɓe, da yatsa ma zuba suke. Daga ƙarshe muka aika Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, aka samo wani. Malam, ka shafa naka da yatsa tukuna kafin ka kashe ko dala.

Mai gyaran lagireto, cikin garin Maradi

Hajiya, haka ne, in fukafukan sun ruɓe liƙi ɓarnar kuɗi ne. Sai dai ko a nan tankunan sama da ƙasa suna da amfani, ana sa musu sabon tsakiya, kuma sun fi zama daidai a mazauninsu. In dole sai sabo, a tafi da tsohon a gwada tsayi da bakin tiyo, a kuma tambaya ko na alminiyam ne, don shi dalmarmu ba ta kama shi. Alhaji, in za ka kawo naka, ka haɗo da murfin da tiyo biyun, kada ka kankare koren nan kafin in gani.