Xala: Musayar Waƙa kan Dariyar Zaure da Shirun Ƙarshe

Malam Habibu:

Da sunan Allah nake farawa,
Salamu alaikum masu amsawa.

Batun fim ne na ƙasar Senegal,
Xala, da har yau ake ta musawa.

Usman Sembene shi ya rubuta,
Littafi ne tun kafin ɗaukawa.

A 1973 littafin ya fito,
Da Faransanci aka yi bugawa.

A 1975 fim ɗin ya biyo,
Shi da kansa ya yi shiryawa.

Tsawonsa minti 123,
Wolof da Faransanci na cakuɗawa.

Alhaji Abdulƙadir Beye ɗan kasuwa,
Matansa biyu, ta uku yake ƙarawa.

Shinkafar hukuma aka ba shi amana,
Ya sayar, kuɗin biki yake haɗawa.

Daren farko sai aka ɗaure shi,
Ƙarfin namiji ya yi ɓacewa.

Ya shiga yawon neman magani,
Shago da mutunci suna rushewa.

Tambayata ga masana fim ɗin:
Me ke sa zaure ya yi ta ƙyaƙyacewa,

Kusan awa biyu ana riƙe ciki,
Sannan a fita babu mai tankawa?

Hajiya Rabi:

Malam Habibu, ga ni da amsa,
Sirrin yana a mintocin farkonsa,
Sembene ya jera matakai da kansa,
Uku ne, su ke kunna dariya.

Na ɗaya, manya da manyan riguna,
Sun hau matakala, ana kaɗa ganguna,
Sun kori Turawa daga cikin ɗakuna,
Majalisar kasuwa ta zam tasu gaba ɗaya.

Gunkin macen Faransa aka ɗauke,
Da takalman soja aka sauke,
Jama'a na murna, kowa a miƙe,
Mai kallo ma ya ɗauka gaskiya.

Na biyu, da hoto ya matsa gaba,
Sai ga su da kwat, ba babbar riga ba,
Faransanci zalla, ba su yi Wolof ba,
Kowa da igiyar Bature a wuya.

Na uku, Baturen da aka kora,
Ya dawo da jakunkuna ya jera,
Kowa ya leƙa tasa, ya gyara
Zama, ya rufe kuɗin ba hayaniya.

Ba wanda ya furta kalmar cin hanci,
Ba a sa kiɗan da ke nuna barkwanci,
'Yan wasa sun ɗaure fuska da mutunci,
Ɗaurewar nan ita ce madogarar dariya.

Da ɗayansu zai kashe ido,
Ko ya waiwayi kyamara ya yi gwalo,
Da nan take an ɓata kallo,
Zambon ya zube, saura tatsuniya.

Ɗanjuma:

Hajiya, ba abin cirewa a zancenki,
Sai dai ba ki taɓo kayan aiki ba.

Littafi na da bakin mai ba da labari,
Shi ke bayani, fim bai samu wannan ba.

Sai Sembene ya sa kaya yin magana,
Abin da shafi ya faɗa bai maimaita ba.

Ga kwalbar Evian, ruwan Faransa,
Ba na rijiya ko famfon Dakar ba.

Da shi ake wanke Marsandin Alhaji,
A shekarun da Sahel ba ta ga damina ba.

Fari ya ci daga 1968 har 1974,
Bai bar Senegal, Nijar ko Arewa ba.

Wanda ya ga shanu na faɗuwa a hanya,
Dariyarsa a nan ba mai daɗi ce ba.

Ga motar amarya a kan abin ja,
An ɗaure ta da ƙyalle, ba a tuƙa ta ba.

Ita da amaryar halinsu guda ne,
An biya, an kawo, ba a kusance su ba.

Ga turmi da taɓarya daren biki,
Gwaggon amarya ta ce ya hau, bai yarda ba.

Shi wayayye ne, wannan camfi ne,
Bai san abin da ke jiran sa a gaba ba.

Sai ga shi yana rarrafe da laya a baki,
Umarnin boka, bai ce camfi ne ba.

Nan zaure ke fashewa baki ɗaya,
Don turmin nan ba a manta da shi ba.

Ka cire turmin, rarrafen ya zam banza,
Ba za a san daga inda ya faɗo ba.

Malam Yakubu:

Ku dakata, ƙannena, ku saurara,
Akwai waɗanda ransu fim ɗin ya ɓata.

Suna cewa don me sai Alhaji,
Don me kuma sai mai auren mata?

Uwargida Aja Awa Astu mai haƙuri,
An bar ta ita kaɗai da damuwarta.

Ta biyu Umi Ndoye mai gashin kanti,
Da baƙin gilashi, kuɗi ne buƙatarta.

Ta uku Ngone, amaryar kenan,
Da ƙyar a fim ɗin ake jin muryarta.

Sannan Rama 'yar Alhaji ta tashi,
A gaban uban ta saki maganarta.

Ta ce duk mai tara mata maƙaryaci ne,
Ya ɗaga hannu nan take ya mare ta.

A nan zaure ke rabuwa gida biyu,
Wasu na bayan uban, wasu na bayanta.

Ni dai jimlar ta yi mini faɗi,
Ta haɗa mai adalci da mai cuta.

Ga malaman tsibbu da aka nuna,
Baƙo zai ce haka take, malanta.

Ku ba ni amsa, ba faɗa nake ba,
Gyara ake nufi, ko a muzanta?

Malama Saratu:

Baba Yakubu, Allah ya ƙara girma,
Maganarka bari in warware ta.

Malaman ba ɗaya ba ne a labarin,
Akwai mai karɓar kuɗi ya cuta.

Akwai Serin Mada can a ƙauye,
Modu direba ya san hanyar, aka bi ta.

Shi ya yi aiki, ɗaurin ya kwance,
Alhaji ya zaro caki ya rubuta.

Aka kai banki, asusu ba ko sisi,
Banki ya dubi takardar ya ƙi ta.

Malam ya mai da ɗaurin inda yake,
Wa ya ci amana a nan? Ka kwatanta.

Aja Awa kuwa ba a yi mata dariya,
Kyamara na daɗewa a kan fuskarta.

Da dukiya ta ƙare Umi ta kwashe kaya,
Dangin Ngone suka zo suka janye ta.

Awa kaɗai ta rage masa a duniya,
Ya koma wurin wadda ya wofinta.

Jimlar Rama ta 'yar jami'a ce mai zafi,
Ba fatawa ba ce, fushi ne don uwarta.

Abin da fim ɗin ya sa wa wuƙa,
Auren nuna isa ne da kuɗin sata.

Wanda ya ga sukar addini a ciki,
Ya sake kallon Awa da sallarta.

Malam Mamman:

Akwai abin da ba ku ambata ba,
Kunne ma na da rabonsa a wannan harka.

Mai jin Wolof da mai bin fassara,
Ba fim ɗaya suke kallo ba, ku riƙe haka.

Samba Diabare Samb ne da molonsa,
Waƙoƙinsa na ratsa fim ɗin da suka.

Habaici ne yake yi wa shugabanni,
Tsoffin kwafi ba su fassara waƙa.

Sai ɗan Dakar ya ji an soki manya,
Baƙo kuwa kiɗa kawai ya ɗauka.

Na biyu, rubutun ƙasan allo iri ɗaya ne,
Wolof da Faransanci ya haɗe su duka.

Alhaji na yi wa Rama Faransanci,
Ita da Wolof take amsawa, ba ta sauka.

Ruwan ƙetare ta ce ba ta sha,
Ranar da ya zuba Evian ya miƙa.

Da majalisa ta zauna za ta kore shi,
Ya nemi ya yi Wolof, aka ce ya saɓa doka.

Abin da ya ƙi ji a bakin 'yarsa,
Shi ya roƙa, babu wanda ya tanka.

Mai bin rubutu kawai ba zai lura ba,
Wannan juyin sai an faɗa masa a baka.

Don haka mai nuna shi ga taro,
Ya yi bayanin minti biyar kafin ya haska.

Ya faɗi wa ke Wolof, wa ke Faransanci,
Ya ba da ma'anar waƙar, zai taimaka.

Amma kar ya faɗi yadda zai ƙare,
In ya faɗa, ya warware abin da aka saƙa.

Ɗanjuma:

Masu kallo na farko ba talakawa ba ne,
Hukumar tacewa ce da almakashi.

Senghor ne a kan mulki lokacin,
Shugaban majalisar fim ɗin na kama da shi.

Kamfanin fim na gwamnati na cikin aikin,
Duk da haka sai da aka yayyanke shi.

Inda aka fid da gunkin Faransa,
Da buɗe jakunkunan, duk an datse shi.

Sembene ya buga takardu aka rarraba,
Kowane yanki da aka cire ya lissafa shi.

Mai kallo ya shiga da takarda a hannu,
Inda hoto ya yi tsalle, ya cike shi.

Illar yankan ga ta a fili,
Ba tsawon fim kawai aka rage mishi.

Jaka in ba a ga cikinta da farko ba,
Duk yawon da za ta yi an kashe shi.

Don ranar kora ita aka karɓe,
Aka ba wanda ya maye gurbin shi.

Ɗan sane ne, ya yashe baƙauye a titi,
Kuɗin da ƙauye ya tara ya aiko shi.

Ya sayi kwat, ya zama babban mutum,
Majalisa ta buɗe ƙofa ta karɓe shi.

Malam Habibu:

Kun amsa rabin tambayata,
Na ga inda dariyar ke ɓullowa.

Saura shirun, ku zo kan ƙarshe,
Wurin mabarata da tofawa.

Malama Saratu:

Mabaratan tun farko suna nan, Malam,
Bakin shagon Alhaji ne mazauninsu.

Guragu, makafi da kutare,
Ba kwalliyar fim ba ce, haka jikinsu.

Alhaji ya koka, shugaba ya ɗaga waya,
'Yan sanda suka zo suka kwashe su.

Aka zubar da su can bayan gari,
Kyamara ta bi su suna dawowa da rarrafensu.

Tafiyar nan an ja ta da gangan,
Babu mai dariya in ya gan su.

Sai labari ya koma kan Alhaji,
Mai kallo ya shagala ya manta da su.

A ƙarshe suka faɗa gidan Aja Awa,
Suka buɗe firiji suka ci abinsu.

Makaho Gorgi ya ce shi ya ɗaure shi,
Don ya murɗe takardu ya cinye gadonsu.

Ya kuma sa aka kai shi kurkuku,
Shekaru yana jiran zuwan ranarsu.

Sharaɗin kwancewa ya tuɓe riga,
Ya tsaya, su tofa masa yawunsu.

Suka ɗora masa kambin amarya a ka,
Ya yarda, suka kewaye shi dukkansu.

Hajiya Rabi:

Yadda aka ɗauki wurin nan ku duba,
Sembene bai sa kiɗan nasara ba,
Bai nuna ko Alhaji ya warke ba,
Ya hana zaure abin da zai kai gida ya ajiya.

Hoto ya tsaya cak a kan jiki,
Sauti bai tsaya ba, ana jin kaki,
Kunne na ji, ido ba shi da aiki,
Ba inda mai kallo zai juya baya.

Littafin ya rufe da 'yan sanda,
A waje sun ɗaga bindiga sun gyara tsaida,
Fim ɗin ya sallame su daga gida,
Ya bar Alhaji da mutanen da ya ci wa dukiya.

Kambin amaryar shi ne tarko,
Baki na shirin dariya irin ta farko,
Sai yawun farko ya sauka da ƙarko,
Dariyar ta maƙale a wuya.

Malam Yakubu:

Saratu 'yata, Allah ya yi albarka,
Batun Serin Mada na karɓe ta.

Amma kan yawun ban sauka ba,
Awa na tsaye, me ta yi aka haɗa da ita?

A gabanta aka tuɓe mijinta,
A gidanta, kuma a gaban 'yarta.

Gorgi na da hakki, ban musa ba,
Hukuncin dai ya fantsama har kanta.

Mai tsaki a nan ba jahili ba ne,
Kar a ce masa bai gane ba, a kyauta.

Malam Mamman:

Baba Yakubu, wannan ƙorafin naka,
A bar masa wuri in an gama haska.

Mai nunawa ya sanar tun a ƙofa,
Ƙarshen bai dace da yara ba, a kai su ɗaka.

Lasifika ta zam mai kyau ko aro ne,
In sautin ya dushe, ƙarshen ya tashi a iska.

Kar a kashe da hoto ya tsaya,
Wasu na zaton na'ura ce ta samu matsala haka.

A bar sautin ya ƙare don kansa,
Sannan a kunna fitila, a ba da ruwa a miƙa.

A ware minti ashirin na tattaunawa,
A fara da masu tsaki, irin su Baba, su yi suka.