"Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga": ta dace da mai gudu da ƙwallo?

Bakatsine: Jama'a, a ƙwallon ƙafar Amurka karin maganar nan ta gama zancen mai gudu da ƙwallo. Ƙarti biyar 'yan ƙungiyarsa ne jere a layi a gabansa: na tsakiya mai miƙa ƙwallo, biyu dama da hagunsa, biyu a bakin layi. In ba su buɗe masa kafa ba, ina zai bi? Saquon Barkley ya yi gudun yadi 962 da ƙwallo a ƙungiyar Giants a 2023, ya koma ƙungiyar Eagles ya yi 2,005 a 2024. Ƙafafun nan dai su ne.

Bazazzagi: Malam, ka ɗauke ta daga mazauninta. Ana faɗinta ne in 'yan'uwa sun saɓa har bare ya samu shiga, wato tsagewar daga cikin gida take. Nan kuwa da ƙarfi ake fasa bangon masu tsaro. Wadda kake nema ita ce "albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko". Dubi ƙungiyar Denver: Terrell Davis ya wuce yadi 2,000 a 1998, da ya ji rauni Olandis Gary ya wuce 1,000 a 1999, Mike Anderson ma haka a 2000.

Badamagare: Yaya, ai tsagewar cikin gidan ma tana nan. Kowane mai tsaro akwai kafar da aka ba shi ya toshe. A salon Denver, mutum biyar ɗin suna matsawa gefe guda tare. Biyu su danne mai tsaro ɗaya, sannan ɗayansu ya sake shi ya tari na baya. Da wani mai tsaro ya yi zumuɗi ya bar kafarsa, bango ya tsage. Mai gudu ya kafa ƙafa ɗaya, ya yanke, ya miƙe. In ya tsaya rawa a baya, kafar ta rufe, a kayar da shi kafin ya kai layin da aka taso daga shi. Gane kafar nan da wuri, wannan nasa ne.

Bakatsine: To Barry Sanders fa? Rawar ce sana'arsa, kuma ya yi 2,053 a Detroit a 1997.

Badamagare: Irinsa nawa ne? Shi ma sau da yawa a bayan layi ake kama shi. In za a raba gardama, a kasa yadin biyu: abin da ya ci kafin a taɓa shi galibi na ƙarti biyar ɗin nan ne, abin da ya ƙara bayan an taɓa shi nasa ne.

Bazazzagi: Na yarda da rabon. Amma mai ƙwacewa daga hannun mutum biyu bayan an riƙe shi ba za a kira shi ƙadangare ba, ku nemo masa wata.